Jaruman Kakuri da Fayil ɗin Masaƙa

A shekarar da sojoji suka koma bariki, a Kakuri muke zaune, ciki da falo na haya a gidan wani dattijo mutumin Filato da kowa ke kira Baba. Mijina direban babbar mota ne, rabin wata yana hanya. Ni kuma ina buga tafireta a ofishin wata makarantar firamare da ke bayan kasuwa. Lokacin unguwar a cakuɗe take, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci a famfo ɗaya suke bin layi, kuma faɗan layin ba ya tambayar addinin kowa.

Ciwon da ya kama mutane a watannin nan shi ne jefa ƙuri'a. An daɗe ana hana mu, da aka sake mu sai muka rasa inda za mu tsaya. A gidanmu sai da 'yan haya suka ɗaga hannu kafin a tsayar da ranar share kwata. Wata maƙwabciyarmu ta ce wa mijinta ba za ta dafa wake ba, don ita da yara huɗu sun fi shi rinjaye.

Sabon kansilanmu da can kayan gyaran keke yake sayarwa. Tun da aka zaɓe shi ya daina jin sunansa, sai an ce Onarabul yake juyowa. Wata ranar Litinin cikin damina ya shigo ofishinmu da laima a hannu, ya zauna gaban hedimasta, ya ce jiha za ta yi bikin tunawa da waɗanda suka yi gwagwarmaya da Turawa, a can ƙetaren kogi, da manyan mutane da manyan hotuna.

“Mu fa?” in ji shi. “Mu nan ba mu yi faɗa da Bature ba ne? Ko sai wanda ke da gida a ƙetare ne ke da tarihi? Ranar bikin 'yanci mu ma za mu baje namu. Takardu, hotuna, duk abin da ya rage. Za mu fitar da jarumin unguwa, mu ɗora shi a kujera kusa da ciyaman.”

Hedimasta mutum ne mai son abu a rubuce, don haka ya yarda nan take. Ni kuwa tun da ni ce mai tafireta, ba wanda ya tambaye ni, sai ji na yi an ce sakatariya.

Mu bakwai ne a kwamitin. Akwai kansila da hedimasta da ni, da na'ibin liman, da wata Hajiya shugabar mata 'yan kasuwa wadda ta san asalin kowa a Kakuri har kakansa. Sai tsofaffin ma'aikatan masaƙa biyu: Baba mai gidanmu, da wani mutumin Binuwai da ake kira Foman, don a muƙamin nan ya yi ritaya. Foman ya gina gida a Romi ya koma, amma duk abin da za a yi a Kakuri sai ya hau bas ya zo, wai nan ya bar ƙuruciyarsa.

Baba da Foman sun fi shekara arba'in da sanin juna, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna kan komai ba.

Labarin Baba kuwa duk wanda ya taɓa haya a gidansa ya haddace shi. Wai yana saurayi yana aikin masinja a masaƙa, kafin a ba da 'yanci, ma'aikata suka yi bore, shi ne a gaba. Ya kama manaja Bature ya tsoma shi cikin tukunyar kunu. 'Yan sanda suka tsare shi kwana uku suna tambaya, bai faɗi sunan kowa ba. Idan yana ba da labarin, matarsa, wadda muke kira Mama, ba ta cewa komai. Sai dai ta ci gaba da tsince shinkafarta, wani lokaci ta yi ɗan tari.

Aka yi sanarwa a masallatai da coci-coci cewa duk mai tsohon abu na zamanin Turawa ya kawo makaranta. Ni ke karɓa ina rubutawa. A mako biyu na tara katunan baftisma, katunan rigakafi, wata butar shayi marar murfi, rediyon da ko ƙara ba ya yi, da takalmi ƙafa ɗaya wanda mai shi ya rantse da shi ya gudu daga hannun 'yan doka. Wata tsohuwa daga Trikania ta kawo haƙoran roba na marigayi mijinta. Na tambaye ta me ya haɗa su da 'yanci, ta ce likitan da ya sa masa Bature ne, kuma tun ranar bai ƙara cin nama da daɗi ba.

Foman kuwa dutse ya kawo, nannaɗe cikin hankici. Ya ajiye a kan tebur gaban kwamiti.

“Wannan na jefi manaja da shi ranar boren,” in ji shi.

Hedimasta ya juya dutsen. “To, Foman, in ka jefa shi, ya aka yi ya dawo hannunka?”

“Ban same shi ba, Malam. Sai na je na ɗauko abina.”

Baba ya yi dariya har da buga sanda. Ya ce wannan dutsen a kan hanyar Romi aka tsince shi, ga ma jar ƙasa a jikinsa. Foman ya miƙe, Hausarsa ta ƙare ya koma Turancin buroka, yana cewa shi ba sa'an Baba ba ne. Kansila ya buga tebur ya ce yanzu ba mulkin soja ake ba, a jefa ƙuri'a. Aka ɗaga hannu, dutse ya ci da huɗu da uku, na rubuta shi cikin kayan tarihi.

Sai rigimar hoto. Wani ya kawo tsohon hoton samari a jere, fuskokin duk sun koɗe. Baba ya sa yatsa kan na uku daga hagu ya ce shi ne. Foman ya ce wannan kafaɗun nasa ne, ko makaho ya shafa zai gane. Aka ɗaga hannu, uku da uku, ni kaɗai na rage. Don in samu lokacin tunani na juya bayan hoton. An rubuta cewa 'yan ƙwallon wata makarantar mishan ne a wani gari can kudu. Na karanta musu. Baba ya ce shi dama tun farko ya ga kunnuwan sun yi girma.

A nan hedimasta ya cire tabarau ya ce abin ya isa. “Onarabul, tarihi ba a yin sa da ɗaga hannu. Turawan nan komai rubutawa suke yi, ko atishawa ka yi a bakin aiki sai ta shiga fayil. A je masaƙa a nemo takardun shekarun farko. Wanda takarda ta nuna, shi ne jarumi.”

Baba ya ce ya yarda ɗari bisa ɗari. Foman ma ya ce ya yarda, amma na lura muryarsa ta ɗan yi ƙasa. Aka jefa ƙuri'a kan wanda za a aika, na samu shida. Ni kaɗai na ƙi zaɓen kaina.

Na buga wasiƙa da hannuna, kansila ya sa hannu, na kai masaƙa. Suka tura ni wurin mai kula da sito, wani dattijo mai fara'a da makullai a wuya. Ya buɗe mini wani ɗaki a can baya, ya nuna mini buhuna jibge har kusan rufi.

“Ga tarihi nan, Madam,” in ji shi. “Abin da gara ta rage naki ne.”

Kwana uku ina zuwa bayan an tashi daga makaranta. Ina ɗaure hanci da gefen gyale, ina zazzage buhu ɗaya bayan ɗaya. Na karanta takardun neman hutu, da ƙorafin cewa shayin kantin ruwa ne zalla, da wasiƙar wani da ya nemi izinin zuwa jana'izar kakarsa, aka rubuta masa a ƙasa da jan biro cewa wannan ce kaka ta huɗu a shekara guda. Ɓera ya fito daga wani buhu ya bi ta kan ƙafata, na yi ihun da ya sa mai sito ya shigo da gudu riƙe da tsintsiya. A rana ta uku, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ci karo da wani siririn fayil mai ruwan ƙasa. A bayansa an rubuta da Turanci cewa hatsaniyar bakin ƙofa. Ciki shafi biyu ne, rahoton manaja da kansa zuwa ga manyansa.

Na zauna kan buhu na karanta.

Manajan ya ce an rage lokacin cin abinci, an kuma ba da umarnin a kori masu sayar da abinci daga bakin ƙofa, sai ma'aikata suka ajiye aiki suka fito waje. Ya fita ya yi musu magana. Masu abinci duk sun kwashe kayansu, ban da wata budurwa mai kunu da ta ƙi motsawa. Ya ce ya ɗan ture tukunyarta da ƙafa. Ita kuma ta ɗebi kunu cike da ƙwarya ta sheƙa masa tun daga gajeren wandonsa har cikin safa. Ma'aikata suka kaure da ihu, wasu har suna kwanciya a ƙasa. Kafin 'yan sanda su iso yarinyar ta ɓace, ma'aikata ma sun watse. Ya siffanta ta don a nemo ta: doguwa, mai wushirya, kuma da hannun hagu ta yi aikin.

'Yan sanda suka shiga masaƙa suna bincike. Mutum ɗaya tak suka samu a ciki, wani masinja, yana barci tsakanin dilolin auduga tun da safe. Ga cikakken sunan Baba, ga lambarsa ta aiki. Suka tafi da shi. Kwana uku suna tambayarsa su wa suka shirya boren, yana cewa wane bore. Manajan ya rubuta cewa ko dai wannan yaron shi ne mafi taurin kai da ya taɓa gani, ko kuma da gaske bai san komai ba, kuma shi ya fi karkata ga na biyu.

A ƙarshe ya yaba wa wani ƙaramin ma'aikaci da ya rugo da bokitin ruwa da tawul ya goge masa ƙafafu, ya ce a tuna da shi idan ana ƙarin girma. Sunan Foman ne.

Na yi dariya ni kaɗai har hawaye. Sai dariyar ta tsaya, don na tuna wadda nake gani kullum tana yanka albasa da hannun hagu. Mama doguwa ce, tana da wushirya, kuma ta taɓa gaya mini da kunu ta fara sana'a.

Mai sito ya ba ni aron fayil ɗin, ya ce in dawo masa da shi yadda yake. Na sa shi cikin leda na rungume zuwa gida. Na tarar Baba ya fita majalisarsa, Mama tana tsakar gida tana yanka yakuwa da gauta za ta yi gwate. Na ja kujera 'yar tsuguno na zauna kusa da ita.

“Mama, wata takarda na samo. In fassara miki?”

“Fassara mana, 'yata. Hannuna ne ke aiki, ba kunnena ba.”

Na fassara tun daga farko. Da na zo wurin tukunya wuƙarta ta tsaya. Da na zo wurin safa ta ajiye wuƙar, ta dubi ƙofa, ta dube ni.

“Ya rubuta cewa kunun ya huce?” in ji ta.

“Bai rubuta ba.”

“To ya huce. Kada a ɗora mini abin da ban yi ba. Da da zafi ne ai ba zai zauna ya rubuta shafi biyu ba.”

“Ashe ke ce, Mama! Don 'yanci kika yi?”

“Wane 'yanci? Ni lokacin ina na san wani 'yanci? Tukunyar uwata ce ya sa wa takalmi. Kuma ba turewa ya yi ba, shuri ne.”

Ta ce ta gudu ta ɓuya gidan gwaggonta. Washegari ta ji an kama wani saboda abin, sai ranta ya ƙi kwanciya, ta dafa abinci ta kai caji ofis a matsayin 'yar'uwarsa. Ta tarar da saurayi da auduga a gashinsa har cikin kunne. Yana cin abinci yana gaya mata shi ne shugaban boren.

“Na san ƙarya yake yi. Amma ya iya faɗinta, kuma ya cinye ya yi godiya. Da ya fito ya ji labarin kunu a bakin mutane, sai ya haɗa da nasa. Shekara ta zagayo muka yi aure.”

“Bai san ke ce ba?”

“Ina zai sani? Yana barci.” Ta ɗauki wuƙarta. “Ki ji ni da kyau. Ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu. Ni ke yi wa amare wa'azin haƙuri. In aka ji na taɓa yi wa mutum wanka da kunu, da wane baki zan ƙara magana? Ki karanta musu abin da za ki karanta, amma ki bar yarinyar nan inda take.”

Na yi mata alkawari. Kwana biyu ina shirya fassarar da ba za ta kashe kowa ba.

Ranar taro aka zauna a aji shida kan bencin yara. Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci. Foman ya zauna kusa da ƙofa. Na miƙe na ce takarda ta tabbatar an yi bore, kuma an zuba wa manaja kunu, wata yarinya ce da ba a san ta ba. Game da Baba, na ce takarda ta nuna shi ne ma'aikaci na farko da ya ajiye aiki a ranar, tun kafin sauran su fara, kuma an tsare shi kwana uku bai ambaci sunan kowa ba. Game da Foman, na ce ya matsa kusa da manaja fiye da kowa, har ya sa masa hannu.

Kansila ya fara tafi. Baba ya gyara zama yana kallon rufi. Foman ya saki numfashi. Da a nan aka tsaya, da kowa ya tafi gida da mutuncinsa.

Sai hedimasta ya miƙo hannu. “Malama, kawo in gani.”

Ya sa tabarau, ya fara karantawa a zuci. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma da ya zo kan dilolin auduga sai abin ya ƙwace masa, ya kifa kai kan benci. Kansila ya ce ba a ɓoye wa jama'a komai a dimokuraɗiyya, a karanta a fili. Hedimasta ya share ido ya fassara kalma bayan kalma, ba ragi.

Foman ya yi tsalle kamar yaro. “Barci! Shekara arba'in yana cika mana kunne, ashe barci yake yi!”

“Zauna, Foman,” in ji hedimasta. “Akwai sauran sakin layi ɗaya.”

Da aka karanta na tawul, Foman ya zauna a hankali. Baba ya juyo ya dube shi. “Ashe dutsen nan na goge ƙafa ne,” in ji shi.

Na'ibin liman ya rufe baki da hula. Hajiya kuwa ba ta yi dariya ba, tunani take yi. Ta ce hedimasta ya maimaita mata siffar yarinyar. Ya maimaita: doguwa, mai wushirya, bahaguwa.

“Mai kunu a bakin ƙofar masaƙa?” in ji Hajiya. “Ai wannan matar Baba ce. Uwarta ce mai babbar tukunyar nan, kusa da inda uwata ke tuyar ƙosai.”

Duk suka juyo kaina. Ni dai na sunkuya ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Baba ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

“Matata?” in ji shi. “Wadda ke gidana?”

Kansila ne ya ceci zaman. Ya ce akwai tambaya a gaban kwamiti: shin barci a bakin aiki, a ƙarƙashin Bature, yana cikin gwagwarmaya ko ba ya ciki? Baba ya farfaɗo nan take, ya ce ai duk awar da ya yi yana barci awa ce da Bature bai ci guminsa ba. Foman ya ce zai goyi baya in za a yarda cewa shi ma leƙen asiri ya je yi da tawul. Aka ɗaga hannu kan duka biyun a haɗe, biyar suka amince. Hedimasta ya ce in rubuta cewa shi bai yarda ba, na rubuta. Kujerar jarumi kuwa ba a ma yi gardama ba, ta Mama ce.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mama ta tare ni a bakin famfo, ban taɓa ganin ta haka ba. Na rantse mata ba daga bakina ya fita ba. Ta ce ba za ta je ko'ina ba, ba za ta hau kujerar kowa ba, kuma ranar Lahadi za ta ajiye shugabanci. Amma ba a kai Lahadin ba. Ranar Alhamis da la'asar matan zumunta suka cika gidan da anko ɗinsu da tulunan kiɗa, suna guɗa. Wai ashe shugabarsu jaruma ce take ɓoye musu. Wata ta ce ita yanzu ma ta fi yarda da wa'azin haƙurin, tun da ta san mai yin sa tana da abin da take dannewa. Mama ta yi ta cewa kunun ya huce, ba mai sauraronta.

Ranar biki muka jera kayan tarihi a aji biyu. Fayil ɗin yana tsakiya ƙarƙashin gilashin taga da muka ciro, dutsen Foman a gefe, haƙoran roba a kan faranti. Ciyaman bai samu zuwa ba, ya aiko wakili. Mama ta zauna a kujerar da aka lulluɓe da leshi, fuskar nan a murtuke kamar an kawo ta kotu.

Kansila ya shirya abin da bai gaya wa kwamiti ba: za a maimaita abin da ya faru a gaban jama'a, kowa ya fito a matsayinsa. Shi zai zama Bature, don Bature ne ke da jawabi. Ya shiga ofis ya fito da farin gajeren wando da doguwar safa da malafa. Aka shimfiɗa wa Baba buhuna a gefe ya kwanta, sai dai ya kasa rufe ido, yana ta ɗaga wa mutane hannu. Aka ajiye tukunya gaban Mama, aka ba ta ƙwarya, aka ce ta yi kamar ta ɗiba kawai.

Tukunyar ta Mama ce, daga gida aka ɗauko, kuma cike take da kunun da matan zumunta suka dama don baƙi. Kansila ya yi jawabinsa da Turancin hanci, jama'a na dariya, abin ya yi masa daɗi. Ya zo gaban tukunya, maimakon ya nuna da ƙafa sai ya kai mata shuri na gaske, har murfin ya faɗi yana ƙara.

Ban ga lokacin da hannun hagun Mama ya motsa ba. Na dai ga kansila tsaye, ƙafafu a buɗe, kunu na gangarowa cikin safarsa. Filin makaranta ya ɗauki ihu. Wakilin ciyaman ya miƙe tsaye yana tafi, ya ɗauka haka aka tsara. Foman, wanda da aka neme shi ya rantse ba zai fito a wasan ba, sai ga shi ya ratso mutane da gudu da hankici a hannu. Ya durƙusa ya fara gogewa kafin ya tuna inda yake.

Kansila ya yi ta maza ya ɗaga hannu biyu sama, aka ƙara tafi. Daga baya ya ce mini a cikin rahoto in rubuta cewa shi ya ba da umarnin a zuba.

Ranar Litinin na mayar wa mai sito fayil ɗinsa, bayan na buga kwafi biyu, ɗaya na makaranta ɗaya na Mama. Ta karɓa ta sa cikin akwatin zannuwanta ba tare da ta duba ba.

Baba ya yi kwana huɗu ba ya yi wa Mama magana sai gaisuwa. Abinci dai yana ci. A rana ta biyar da hantsi ina shanya a tsakar gida, yana zaune a kujerarsa, ita tana wanke gero, na ji ya yi gyaran murya.

“Shekara arba'in,” in ji shi. “Kina ji ina cewa ni na tsoma shi a tukunya. Me ya hana ki gaya mini?”

“Yaushe ka taɓa yin shiru har in samu wurin shiga?”

Ya yi shiru, na ɗan lokaci dai. Sai ya ce, “To abincin da kika kawo mini caji ofis, ba don kina sona ba ne ke nan?”

“Na farko don tausayi ne,” in ji Mama. “Na biyu da na uku kuma ba wanda ya aike ni. Ɗaga ƙafarka in zubar da ruwan nan.”

Ya ɗaga ƙafafun duka biyu, da sauri.